Ranar Da Hayaƙi Ya Fito Daga Ɗakin Yayana

Ko da zan manta da sunan layin da aka haife ni a Nima, unguwar Zango ta Hausawa a Akra, ba na jin zan manta da wata Juma'a da ta faɗo mana a gidanmu. Shekaru sun shuɗe, na yi aure, na haihu, na bar unguwar ma gaba ɗaya, amma har yau idan maganar ta zo mini sai in nemi wurin zama.

Mu biyu mahaifiyarmu ta haifa, ni da yayana namiji. Iyayenmu daga Nijar suka zo Akra tun ba a haife mu ba. Babanmu mahauci ne, ya rasu ina ƙarama, sai Mma, haka muke kiran mahaifiyarmu, ta riƙe mu da sana'ar zobo, wanda mutanen Gana ke cewa sobolo. Masu sobolo a Nima sun fi a ƙirga, amma na Mma daban yake, domin ita ba ta zuba shi a roba kai tsaye. Tana da randa ta ƙasa da ta zo da ita daga gida. Sai ta hura gawayi a kurfoti a tsakar gida, ta zuba kajiji da busasshen ɓawon kwakwa da totuwar masara a kai, idan hayaƙi ya tashi ta kife randar a bisa har cikinta ya sha hayaƙin. Sannan ta juye zobon da ya dahu da citta da kanumfari da ɓawon abarba a ciki, ta rufe ya kwana. Wanda ya kurɓa zai ji zaƙi da tsami, daga ƙarshe wani ƙamshin hayaƙi ya biyo baya a maƙogwaro. Daga unguwar Mamobi da ke maƙwabtaka da mu ake aiko yara da kwalabe, masu suna da masu biki kuwa sai sun yi magana tun da wuri.

Yayana ya girme ni sosai. Tun yana saurayi ba shi da zance sai na tafiya Turai, kamar yawancin samarin unguwarmu. A wurinmu wanda ya je waje ya dawo boga ake ce masa, kuma boga mutum ne mai daraja, shi ke gina wa uwarsa gida, shi ke kai ta Makka. Yaya ya bi ta hamada, ya sha wuya a Libiya, ya haye teku, ya sauka Italiya. Ya daɗe can ƙwarai. Ba shi da takardun zama, don haka aikin gona ya yi ta yi a ɓoye, a gonakin inabi. Wata rana aka kama shi, aka sa shi a jirgi aka dawo da shi.

Ni na je tarye shi. Ina ta leƙen bayansa ko akwai akwatuna, ashe 'yar jakar da ke rataye a kafaɗarsa ita ce duka. Ya rame, gashin kansa ya fara fari. A cikin trotro, motar hayar da ta kawo mu gida, bai ce da ni komai ba sai, "Auta, kin girma."

Mma ba ta nuna masa komai ba sai murna. Ta ce tunda ya dawo da ransa ta gode wa Allah, 'ya'yan wasu teku ta cinye su. Amma unguwa ba uwa ba ce. Kwanakin farko an yi ta zuwa sannu da zuwa, kowa na kallon hannunsa. Da aka gane babu komai sai zancen ya juya. Idan ya bi ta wurin da samari ke zama shan shayi sai wani ya ɗaga murya da irin kiran da samarin Akra ke yi wa aboki, "Cale, boga! Ina mota? Har yanzu tana bisa ruwa?" Sai a kwashe da dariya. Waɗansu daga cikinsu tare suka yi wasan ƙwallo suna yara. Ya nemi aiki nan da can, gini, dako, gadi, kowanne ya yi 'yan kwanaki ya bari, domin ko'ina ya je labarinsa ya riga shi isa. A hankali ya daina fita. Akwai wani ɗan ɗaki a ƙarshen gidan hayar da muke ciki, inda babanmu ke ajiye kayan aikinsa a da, taga ɗaya gare shi ƙarama. Nan Yaya ya tare. Sai ya wuni a kwance yana kallon rufi, in na kai masa abinci in dawo in tarar ko buɗewa bai yi ba.

Wata safiya ina turara randa, don a lokacin ƙafafun Mma sun fara ciwo ni nake yawancin aikin, sai na ga Yaya ya fito ya tsuguna kusa da ni. Ya daɗe yana kallon hayaƙin.

Ya ce, "Auta, me da me kike zubawa a wutar nan?"

Na gaya masa. Ya ɗauki kajiji ya shinshina, ya ce a can inda ya yi aiki su ma suna yin wani abu mai kama da wannan, sai dai su gangar katako suke ƙona wa ciki da wuta kafin su zuba abin shansu. Ya yi ta tambayata, yaya ake gane randa ta ƙoshi da hayaƙi, me ke sa wani lokaci ya yi ɗaci. Ran nan na ji muryarsa ta dā ta dawo, har dariya ya yi. Na ruga na gaya wa Mma, ta ɗaga hannu sama ta ce Alhamdu lillahi.

Daga nan ya tashi tsaye. Ya ce yana so ya yi wani sabon irin zobo na kwalba, wanda zai kai manyan gidajen abinci na Osu, inda Turawa da masu hali ke zuwa. Ya sayo jarkoki, da sukari, da siraran tiyo, da ƙananan tukwanen ƙasa. Ni da kaina na raka shi kasuwa na zaɓar masa jan zobo mai kyau. Yana tashi da asuba, yana wanka, yana cin abinci. Mma har ƙiba ta ce ya fara yi. Wanda bai taɓa zama da mutumin da ya fid da rai da kansa ba, ba zai gane irin daɗin da muka ji ba.

Bayan wasu makonni na shiga ɗakinsa ɗaukar tsintsiya yana wanka. Wani wari ya buge ni, mai tsami, irin na ƙullin da ya kwana biyu. Jarkokin suna jere a bayan katifa an lulluɓe su da tsohon bargo, kowacce da tiyo a bakinta an tsoma ƙarshensa cikin kwalbar ruwa, ruwan yana ta ɓulɓul da kansa. Ni 'yar mai zobo ce, na san abin da zobo ke zama idan aka bar shi da sukari cikin zafi. Ina tsaye ya shigo da tawul a wuya. Da ya ga fuskata sai ya mayar da ƙofa ya rufe.

Na ce, "Yaya, giya ce wannan."

Bai musa ba. Ya zauna a bakin katifa ya ce, "Giya ce. Jar giya, irin wadda ake yi da inabi. Nan babu inabi, shi ya sa na gwada da zobo, kuma ta yi."

Na ce, "A gidan Mma? A Nima? Ka san abin da kake yi kuwa?"

Ya ce, "Ba na sha, Auta, wallahi. Ɗanɗanawa nake yi in tofar, haka na ga ana yi a can. Kuma ba a Zango zan sayar ba."

Na ce masa haramun haramun ne, ko a Zango ko a bayan Zango. Ya murza tafin hannunsa. Can ya ce, "Na sani. Amma ki dube ni da kyau. Ƙuruciyata duka na bar ta a gonar mutane. Wasu sun dawo da mota, wasu da gida. Ni abin da na dawo da shi a kaina ke nan, ban iya komai ba sai shi. In na bar shi, me zan zama?"

Kuka kawai na yi, na roƙe shi ya zubar. Ya ce in ba shi lokaci kaɗan. Wai akwai wani mai gidan abinci a Osu da ya ɗanɗana, ya ce launin ya yi, ƙarfin ya yi, amma babu zurfi, ana haɗiyewa an manta da ita. Idan ya iya sa mata ƙamshin hayaƙi irin na gangar katako, mutumin zai ɗauke shi aiki, ya ba shi wuri a can bayan gari, ya kwashe komai daga gidanmu. Abin da ya sa yake ta koyon turaren randa ke nan. Yana so ya turara tukwanen ƙasa, ya zuba giyar a ciki ta kwanta ta sha hayaƙi, kamar yadda zobon Mma ke yi.

Ya roƙe ni kada Mma ta ji, saboda hawan jininta. Na ɗauki tsintsiyar na fita daga ɗakin.

Ashe ba ni kaɗai hanci ya kai ba. Gidan haya ne, iyalai da yawa, bango ɗaya ke raba ɗaki da ɗaki. Akwai wani dattijo a gidan da duk muke kira Baba, shi ke jan mu salla in ruwan sama ya hana fita. Ya fara tsayawa a ƙofar Yaya yana jan hanci. Ranar da Yaya ya fito da tukwanensa tsakar gida zai turara, Baba ya zo ya tsaya a kansa ya ce, "Yaro, wannan zobon naka da ba a taɓa ganin an sayar ba, yaushe za mu sha?" Matan gida suka yi dariya, amma idon Baba babu dariya a ciki. Yaya ya tattara tukwanensa ya koma ɗaki. Tun daga ranar ban sake ganin ya hura wuta a waje ba, sai na ɗauka ya haƙura da maganar hayaƙin ne. Har wani sanyi na ji a raina.

Ranar Juma'ar ana zafi mai tsanani. Maza duk sun tafi masallaci, gida ya rage mata da ƙananan yara. Ni da Mma muna zaune a inuwar baranda muna ɗura zobo a kwalabe. Sai Mma ta ɗaga kai ta ce, "Wa ke ƙona kajiji?"

Na ce babu kowa, kurfotinmu ma a kife yake.

Ta ce, "Yayanki ya tafi masallaci?"

Sai a lokacin na tuna ban ga fitarsa ba. Na tashi na nufi ɗakinsa. Takalmansa na bakin ƙofa. An toshe tagar da kwali daga ciki, an cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, amma wani siririn hayaƙi na fitowa ta saman ƙyauren. Na buga, na kira, shiru. Na sake bugawa da hannu biyu ina "Yaya! Yaya!" Shiru. Ihun da na yi shi ya fito da matan gidan. Wata maƙwabciyarmu mai sayar da wake da shinkafa, mace mai ƙarfi, ta ɗauko taɓarya ta yi ta dukan ƙofar har sakatar ta ɓalle.

Hayaƙi da zafi suka yo waje kamar an buɗe tanda. Kurfoti na tsakiyar ɗaki cike da jan gawayi, tukunya a kife a kai, waɗansu tukwanen a jere a gefe an riga an turara su. Yaya na kwance a ƙasa rub da ciki, hannunsa ɗaya a miƙe wajen ƙofa. Muka kama shi, ni da maƙwabciyar, muka ja. Garin ja ƙafarsa ta harɗe da tiyo, wata babbar jarka ta kife, ta tura ta kusa da ita, murafan suka fita. Jan ruwa ya biyo mu har tsakar gida, ya jiƙa rigarsa, ya jiƙa zanena, ya malale bisa siminti yana neman hanyar kwata.

Daidai nan aka sauko daga masallaci. Mazan gidan da na maƙwabta suka shigo da fararen riguna da dardumai a kafaɗa, suka tarar da mutum a kwance cikin jan ruwa, mata na kururuwa. Wani ya ce, "Inna lillahi, an yanka shi!" Suka rugo. Sai warin ya tarye su.

Na ga lokacin da suka gane. Wanda ke gaba ya riga ya sunkuya zai kama kafaɗar Yaya, sai ya tsaya, ya shinshina hannunsa, ya ja da baya yana tattare bakin rigarsa. Wani ya ce, "Ei, giya ce!" Wani ya ce, "Ashe buguwa ya yi." Baba ya ce dama ya faɗa, dama hancinsa bai yi masa ƙarya ba. Suka yi da'ira suna kallo, kowa na ɗage ƙafa kada ruwan ya taɓa shi. Ni kuwa ina durƙushe na ɗora kan Yaya a cinyata, leɓɓansa sun yi wani irin ja, numfashinsa na fita da ƙyar, ina ce musu ba buguwa ba ce, hayaƙi ne, ku taimaka. Layinmu lungu ne, mota ba ta shiga, sai an ɗauki mutum a hannu har bakin titi. Mu mata mun gwada, mun kasa.

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka a haka ba. A raina dai ya yi tsawo ƙwarai. Sai Mma ta taso, ita da ba ta iya tafiya sai da dafa bango, ta ratsa cikin ruwan nan da ƙafafunta babu takalmi, ta durƙusa a gaban mazan nan. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ku ɗauke shi tukuna. In ya tashi ku zage shi, ni ma zan taya ku. Amma ku ɗauke mini shi tukuna."

Wasu samari biyu suka ajiye dardumansu suka kama shi. Ɗaya daga cikinsu yana cikin masu yi masa ba'ar mota. Da suka ɗaga sai wasu suka sa hannu. Aka bi lungu da shi ana gudu, ina biye, mutane na leƙowa ta ƙofofi suna tambayar wa aka kashe.

A asibiti likita ya ce hayaƙin gawayi ne a rufaffen ɗaki, yana kwantar da mutum ba tare da ya sani ba, kuma babu ko ɗigon giya a cikinsa. Ya ce a irin wannan hali kowane ɗan jinkiri ƙwaƙwalwa yake ci. Yaya ya yi kwanaki bai farfaɗo ba. Mma ta ƙi komawa gida, a kan tabarma take kwana a barandar asibiti da carbi a hannu. Ranar da ya buɗe ido muka yi ta murna, muka ɗauka an gama. Ya dube ni, ya dubi Mma, babu alamar ya san mu. Daga baya ya gane Mma, ni ma ya gane ni, amma mutumin da ya shiga ɗakin nan bai fito ba. Maganarsa ta zama ɗaya-ɗaya, hannuwansa na rawa, abin da aka gaya masa da safe ya manta kafin azahar. Italiya, da teku, da gonakin inabi, da mai gidan abincin Osu, duk sun goge.

Kafin mu dawo gida an kwashe jarkokin an zubar a babbar kwata, an fasa tukwanen, an wanke tsakar gida. Labari kuwa ya gama Nima da Mamobi, kuma a hanya ya canza kama. Aka ce ashe sirrin zobon Mma ke nan, giya take ɗigawa a ciki, shi ya sa wanda ya sha sai ya dawo. Matar da ta yi shekaru tana shayar da unguwa a suna da biki da buɗe-baki. Na dafa zobo na fita da shi, na wuni a bakin titi, na dawo da shi kamar yadda na fita. Na sake gwadawa, haka. Wata mata da ta saba saye ta ja hannun ɗanta daga gaban kular da nake sayar da zobon a ciki ta ce, "A'a, mu tafi." Mma ta ce in bari. Ta sa na ɗauke randar na kai bayan ɗaki, ba ta ƙara tambayar ta ba.

Babu wanda ya zagi Yaya, duk da Mma ta ba su izini. Ba a zagin mutumin da ke zaune a ƙofar ɗaki yawu na zuba masa. Har masu kawo sadaka aka samu, Baba ma ya zo ya yi masa addu'a. Na riƙa kallonsu ina tunanin da rabin wannan tausayin ya zo lokacin da ya sauko daga jirgi da 'yar jakarsa, da wataƙila ba a kai nan ba.

Mma ta yi jinyarsa iya ƙarfinta, tana ba shi abinci a baki kamar jariri, tana yi masa aski da kanta. Ba ta taɓa ce mini komai game da giyar ba, ko sau ɗaya, ni ma ban tayar ba. Ba ta daɗe sosai ba ita ma ta kwanta, Allah ya karɓi abarsa. Da na zo yin aure sharaɗi ɗaya na kafa, cewa inda zan zauna nan Yaya zai zauna. Yanzu muna unguwar Madina ta nan Akra, yana da ɗakinsa kusa da namu. 'Ya'yana sun taso sun same shi a haka, suna ce masa Kawu, suna tsammanin haka aka haife shi. Wani lokaci yakan tambaye ni ina Mma ta je, in ce ta je kasuwa, ya gyaɗa kai.

Ban taɓa cewa abin da yayana ya yi daidai ne ba, kuma ba zan faɗa ba. Amma abin da wannan rana ta koya mini shi ne, mutum ba ya toshe tagarsa da ƙofarsa sai ya ga idon mutane ya fi masa wuta zafi. Idan naka ya dawo hannu wofi, ko ya faɗi a abin da ya sa gaba, kada ka tambaye shi me ya kawo, kada ka bari a yi masa dariya a gabanka. Kuma idan ka tarar da mutum a ƙasa, ko me ka gani a jikinsa, ka fara ɗaga shi. Hukunci yana iya jira har gobe, numfashi ba ya jira.